Shagon Gahawa Mai Koriyar Ƙofa

Ku da kuka cika min waya da saƙonni kuna cewa in ƙara haƙuri da Injiniya, wai namiji mai neman na kansa sai an jira shi, yau da ku nake. Ku gyara zama. Lokacin da abin ya faru ko ɗigon hawaye ban yi ba, sai yanzu da nake rubutun nan abin ke dawo min. In kun ga magana ta karkace ku yi min uzuri.

Wanda yau ya fara karanta ni, bari in jawo shi kusa. Mu biyu Mama ta haifa, ni da Auta. Abba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kawu ne ke leƙo mu lokaci-lokaci, kuma bai taɓa tashi daga kujerar falonmu ba sai ya tuna min shekaruna, kamar ni ban san su ba. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ni ce mai ce wa mutane "ba zafi" ina soka musu allura. Injiniya kuwa tun ina ajin ƙarshe a jami'a yake zuwa ƙofar gidanmu. Dogo ne mai sanyin murya. In kina magana sai ya karkata kai, kamar ba a taɓa faɗa masa abu mai daɗin naki ba. Wannan karkata kan shi ya cinye ni.

Sai kuma gahawa, don in ban gaya muku ita ba ba za ku gane komai ba. Abba bai taɓa fita aiki bai sha ba. Da kansa yake soya 'ya'yanta a ɗan ƙaramin kasko, ya daka, ya jefa ɗan citta da busasshen ɓawon lemo, sai gishiri ɗan abin da zai maƙale a yatsa. Auta kan toshe hanci ta gudu ɗaki tana cewa ƙauri ya ishe ta. Ni ce nake zama gefensa, ya zuba min 'yar kaɗan a murfin fulas, in yamutsa fuska, ya yi dariya. Bayan ya rasu na ci gaba da haɗawa a kaskon nan nasa. A nan mafarki ya tsiro min: wata rana zan buɗe shagon gahawa. Ƙofa koriya. Dogon tebur na katako wanda ba a shafa wa fenti ba. Kofuna marasa hannu, don mutum ya rungumi ɗumin da tafin hannunsa. Babu talabijin, babu kiɗa mai ƙara. A saman allo kuma, layin farko, a rubuta haɗin Abba da sunan da na raɗa masa: Safiyar Abba.

Mutum ɗaya na taɓa gaya wa wannan: Injiniya. A cikin motarsa, a ƙofar gidanmu, ina zuba masa daga fulas. Sai ya yi ta tambaya. "Cittar kafin ruwa ya tafasa ko bayan?" "Ɓawon lemon a rana kike shanya shi ko a inuwa?" "Koriya mai duhu ko mai haske?" Ni kuwa baki har kunne, ina cewa a raina, Allah na gode maka da ka ba ni mai sauraro.

'Yan watannin nan sai ya yi wuyar gani. Ya ce an tura shi aikin gada a wani gari. Saƙonsa ya gajarce, daga layi biyar ya koma "Lafiya lau, ke fa?" Mama, wadda a da kullum sai ta ce "yaushe mutumin naki zai zo ya ga Kawunku?", ta daina ambatonsa ɗungurungum. Ta koma waƙar wani likitan haƙori, ɗan aminin Kawu.

Ranar Asabar ɗin nan ina goge kicin ta tsaya a bakin ƙofa, kwandon wanki a ƙugunta.

"Yayarsu, yau ne fa za ki haɗu da likitan nan."

"Mama, na ce miki ni ina da wanda nake jira."

"Jira ba aure ba ne. Ba cewa na yi ki aure shi ba, cewa na yi ki je ki gan shi. Kawunku ya riga ya yi magana, kada ki sa in ji kunya."

"In Injiniya ya ji fa?"

Ta kalli kwandon, ta gyara wani ɗankwali da bai buƙaci gyara ba. "Ki shirya kafin la'asar," ta ce, ta wuce.

A lokacin na ɗauka gajiya ce ta sa ta kau da ido. Ku riƙe wannan.

Ɗaki ɗaya muke kwana da Auta, gado biyu, madubi ɗaya, durowa ɗaya da muke faɗa a kanta tun muna yara. Ta gama makaranta bara, ta ce ta samu ɗan aiki a shagon wata ƙawarta can hayin gada, tana fita da hantsi ta dawo da yamma. Ranar tana gida, kuma ban taɓa ganin ta ɗoki irin na ranar ba. Ta zazzage durowar a kan gadona.

"Wannan ta tsufa. Wannan ta sa ki kamar shugabar makaranta. Yauwa, ga ta!"

Doguwar rigata ce ruwan toka mai ɗinkin zare a wuya da bakin hannu. Ta haɗa min da mayafi ruwan hoda, ta ciro 'yan kunnenta na azurfa ta saka min da hannunta. Ta zaunar da ni ta ja min gira, numfashinta na dukan goshina.

"Yaya, don Allah ki sake masa fuska. An ce yana da kirki. Kuma ki yi tunani, har abada ba za ki ƙara ciwon haƙori ba."

"Ke dai kina so in tafi ki mallake durowa."

"Wallahi so nake ki yi farin ciki," ta ce. Muryarta ta ɗan karye. Na kama hannunta na matse, ina jin tausayin ƙanwata mai ƙaunata.

Da ta sunkuyo sai na ji ƙamshin gahawa a mayafin da ke wuyanta. Na ce, "Ke da ba kya son ƙauri?" Ta ce ai tare aka rataye shi da nawa. Na yarda. Me zai hana in yarda?

"Ina zai kai ki?" ta tambaya.

"Wani gidan abinci kusa da asibitinsu."

"Madalla. Ni ma zan leƙa shago, ana kawo kaya yau." Ta ɗauki jakarta ta riga ni fita.

Ina cikin tasi saƙon Likita ya shigo. *Assalamu alaikum. Ki gafarce ni, gidan abincin nan an cika shi da 'yan taro. Kawu ya ce kina son gahawa. Akwai wani sabon wuri a hayin gada, layin masu sayar da furanni. Abokin aikina ya yaba min shi. In ba damuwa mu haɗu a can.* Na ce ba damuwa. Sannan, saboda zuciyata na ta cizona, na buɗe sunan Injiniya na rubuta, *Ina kewarka.* Alama ta nuna ya gani. Bai amsa ba.

Unguwar tsohuwa ce da aka fara yi wa kwalliya. Gidaje masu baranda, bishiyoyi sun haɗe kai a saman titi, nan mai gyaran keke, can shagon littattafai, ga bokitan furanni a jere ana yayyafa musu ruwa. Na sauka ina duba waya ina duba gine-gine. Sai na ɗaga kai.

Ƙofa koriya. Mai duhu.

Na ce a raina, to, ai ba ni kaɗai Allah ya nuna wa launin kore ba. Na tura. Wata 'yar ƙararrawa ta yi ƙara a samana, ƙamshi ya tare ni, irin wanda ke shiga har cikin ƙirji. Wurin ba shi da girma. A dama kanta ce, a samanta injin gahawa mai sheƙi yana huci, gefensa manyan kwalabe cike da 'ya'yan gahawa, kowace da 'yar takarda an rubuta tsaunin da aka nomo ta. A can ƙurya, bayan gilashi, injin suya yana juyawa a hankali kamar cikinsa na ƙugi. A tsakiya kuma dogon tebur na katako, ba fenti, har ana ganin jijiyoyin itacen. Wata mata na karatu a ƙarshensa, ta rungume kofinta da hannu biyu. Kofin ba shi da hannu.

Babu talabijin. Babu kiɗa.

Na tsaya cak a bakin ƙofa.

"Ke ce 'yar Kawu?" Wani mutum ya miƙe daga teburin bakin taga har yana ture kujera. Gajere ne mai ɗan jiki, da tabarau, rigarsa ta sha guga har tana iya yanka. "Ni ne Likitan. Kada ki damu, ba zan ce ki buɗe baki in duba ba."

Na yi murmushin da ban san daga ina ya fito ba, na zauna. Ya yi ta magana, ina jin sautin ba na jin kalmomin. Ya ce shi shayi ya sani, mai madara da sukari cokali uku, yana hana mutane abin da shi bai iya bari ba. Ya ce tun da ya shigo yake kallon allon can kamar takardar jarrabawa. Ya ce in taimake shi in zaɓa.

Na juya na kalli allon. Baƙi ne, an yi rubutu da alli, hannu mai kyau. Layin farko, sama da komai:

*Safiyar Abba.*

Ban san na miƙe ba sai da na ji sanyin kanta a tafin hannuna. Matar da ke haɗawa ta ɗago. Za ta yi sa'ata, ta ɗaura ƙyallen aiki a gaba, fuskarta a sake, irin masu son hira.

"Sannu da zuwa. Yau ne farkon zuwanki ko? Muna da mai ɗan tsami kamar 'ya'yan itace, muna da mai nauyi kamar cakulan. In kina so in tace miki da hannu, in kina so in matsa a inji."

"Ta saman can," na ce. "Mene ne a ciki?"

"Ah, kin iya zaɓe! Wannan ita ce ta gidan. Akwai citta, akwai ɓawon lemo, sauran kuma sirri ne."

"Gishiri," na ce a hankali.

Ta zaro ido ta yi dariya. "Lallai ke 'yar hannu ce. Kada dai ki faɗa wa Oga na yarda."

Na tsaya ina kallonta. Ta auna 'ya'yan a ɗan sikeli, ta niƙa, ta shimfiɗa takardar tacewa a mazurari ta jiƙa ta. Ta ɗauko buta mai siririn wuya ta fara zuba ruwan a hankali tana zagayawa, garin ya kumburo ya yi kumfa. Ƙamshin cittar ya taso. Na ga Abba zaune da singileti, yana hura murfin fulas kafin ya miƙo min.

"Wa ya raɗa mata sunan?" na tambaya.

"Oga. Injiniya ne fa asalinsa, shi ya zana wurin nan da kansa. Ya ce haɗin marigayi surukinsa ne, mahaifin wadda zai aura. Duk shagon nan saboda ita ya buɗe shi. Ke, irin wannan soyayya sai a fim."

'Yan uwa, ku ce min wawuya, na yarda. Amma ku gaya min wace mace ce za ta ji wannan zuciyarta ba ta tashi sama ba? Nan take komai ya zauna min daram. Aikin gadar ƙarya ne, a nan yake ɓoye. Gajerun saƙonnin gajiya ce. Yana gina min mafarkina ne a asirce, ranar da ya kammala ya rufe min ido ya kawo ni bakin koriyar ƙofa. Har Mama na wanke a raina, na ce ƙila ita ma ba ta sani ba, shi ya sa ta gaji da jira. Ni kuwa ga ni na kwaso kwalliya na zo shagona tare da wani namiji! Kunya ta rufe ni, farin ciki ya rufe kunyar.

Na ɗauki kofuna biyun na koma tebur ina taka ƙasa kamar ba ƙasa ba. Likita ya kurɓa, ya runtse ido, ya haɗiye da ƙyar.

"Da daɗi," ya ce, idonsa na ruwa.

"Ƙarya kake, Likita."

"Ƙarya nake. Amma ke fuskarki ta canza tun da kika je can. In gahawa ce ke yin haka, zan koya."

Na ji tausayinsa. Na yanke a raina zan gaya masa gaskiya kafin mu rabu, in ce ya yi haƙuri, an riga shi. A ƙarƙashin tebur na ciro waya na rubuta wa Injiniya: *Kana ina?*

Wannan karon ya amsa da wuri. *Wurin aiki. Rana kamar ta kashe mu. Zan kira ki.*

Na yi murmushi ni kaɗai. Maƙaryacin kirki, na ce. Na kurɓi gahawar. Cittar ta ɗan yi yawa, na ce ba komai, in na karɓi wurin zan gyara.

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.

Injiniya ne ya fara shigowa, da baya, yana riƙe da kwali a ƙirji, yana tare ƙofar da kafaɗa don wadda ke bayansa ta wuce. Wayarsa na hannunsa a saman kwalin, ko aljihu bai mayar da ita ba. Yana dariya. Na fara miƙewa, bakina ya buɗe da sunansa.

Sai ta shigo. Jakar da ta ɗauka a kan gadonta ɗazu. Mayafin nan mai ƙamshi. Tarin makullai a yatsanta tana kaɗawa. Ta ce masa wani abu, ya karkata kai yana sauraronta. Wannan karkatawar dai.

"Yauwa, ga su nan ma!" mai haɗawar ta ɗaga murya da murna. "Madam, zo ki ga wata baƙuwa, kurɓa ɗaya ba ta yi ba ta gano sirrin haɗin Abbanki!"

Auta ta juyo da murmushinta na karɓar baƙi. Na ga lokacin da murmushin ya mutu. Makullan suka faɗi ƙasa.

Mahaifin wadda zai aura. Ai kuwa bai yi ƙarya ba. Abbanmu ɗaya.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Injin suyar na ta juyawa. Matar da ke karatu ta ɗago ta kalle mu ta mayar da kai. Injiniya ne ya fara motsi, ya ajiye kwalin a hankali kamar mai ƙwai a ciki, ya tako.

"Me kike yi a nan?"

Ba sannu ba. Ba ki yi haƙuri ba. Me nake yi a nan.

"Rana ta sake ku?" na ce. Ni kaina na yi mamakin yadda muryata ta fito sumul.

Ya kalli Likita, ya kalli kwalliyata, ya kalli kofuna biyun. Na ga ya saki numfashi, kamar wanda ya samu ƙofar fita.

"To ai alhamdulillahi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ashe ke ma kin samu naki. Kin ga ba wanda ya cuci wani. Mu yi magana a waje, akwai mutane."

"Malam," Likita ya miƙe, kansa bai kai kafaɗar Injiniya ba, "yau na fara ganinta. Kada ka jingina kayanka a jikina."

Ni ban ma ƙara kallon Injiniya ba. Na wuce shi na tsaya gaban ƙanwata. Ta durƙusa tana laluben makullai. 'Yan kunnenta na kunnena. Girar da ta ja min na fuskata.

"Tashi," na ce.

Ta tashi. Hawaye sun riga sun wanke mata fuska.

"Yaya, wallahi na so in gaya miki. Kullum sai in ce yau, sai in ga kin dawo a gajiye..."

"Shagon ƙawarki ke nan?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ke da ko ƙamshinta ba kya so? Ke da kike guduwa ɗaki in Abba ya ɗora kasko?"

"Na koya, Yaya," ta ce, muryarta kamar ta yarinya. "Na koya sha."

Wannan kalmar ce ta kashe ni. Ba ganinsu tare ba, ba makullan ba. Ta koya. Ta zauna ta daure ɗaci, kurɓa bayan kurɓa, don ta dace da kujerar da na auna da jikina. Kullum da safe tana kwance tana jin ina daka a kicin, ashe darasi take ɗauka.

"Tun farko ita nake so," Injiniya ya ce daga bayana. "Ban san yadda zan faɗa ba ne. Ke ce kika ɗauki abin da nisa. Na taɓa furta miki aure?"

Na juyo. Na tuna duk yammacin da na tsaya a madubi saboda shi. Na tuna ranar da ya ce 'ya'yanmu za su tashi da ƙamshin gahawa a gashinsu. Na tuna masu neman aurena da na kora, har da wanda Mama ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba a kansa. Gaskiyarsa, kalmar aure guda ɗaya bai taɓa furtawa ba. Ya dai yi ta zagaya ta yana shan gahawata.

Na so in watsa masa kofin. Wallahi hannuna ya kai. Amma haɗin Abba ne a ciki, ban ga ya cancanta ba. Na cire 'yan kunnen ɗaya bayan ɗaya, na ajiye su a kan dogon teburin. Mai haɗawar ta dafe baki da hannu biyu a bayan kanta, ta gane abin da bakinta ya jawo. Na ce mata, "Ba laifinki. Hannunki na da kyau." Na fita.

Likita ya biyo ni da jakata, wadda na manta. Ya buɗe min motarsa ban yi musu ba. Da muka hau gada sai ya rage gudu ya ce, "Na rantse da Allah ban sani ba. Da na sani da na kai ki ko wurin mai shayi ne."

"Na sani."

"Kina so in kai ki gida, ko in yi ta zagayawa da ke har ki huce?"

"Gida," na ce. "Mama nake so."

Mama kaɗai nake so a lokacin. In faɗa jikinta in ce kin ga abin da 'yarki ta yi min. Ina ta tunanin yadda zan faɗa mata a hankali saboda hawan jininta. Ku ji fa, ni da aka yanka, ni ce ke tunanin lafiyar wani.

Wayata na ta rawa a cinyata. Auta: *Yaya don Allah.* Auta: *Yaya ki ɗaga.* Injiniya: *Kada ki ɗaga wa Mama hankali. Mu manya ne.* Na kife ta.

Na tarar da Mama a falo ta idar da salla, tana zaune a kan darduma da carbi. Labulen taga a buɗe, hasken yamma ya kwanta a kan hoton Abba da ke bango. Ta dube ni tun daga ƙafa har mayafi, idonta ya tsaya a kunnuwana.

"Har kun rabu? Yaya kika gan shi?"

Na durƙusa a gabanta. "Mama, hayin gada ya kai ni. Wani shagon gahawa."

Carbin ya tsaya.

Ban ƙara ko kalma ba. Ban ce koriyar ƙofa ba, ban ce Auta ba, ban ce Injiniya ba. Amma Mama ta runtse ido ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da na ce musu su bari ki samu naki tukuna."

Na ji kamar an zare ƙasan falon.

"Kin sani."

"Yayarsu, ki saurare ni."

"Kin sani, Mama. Da safen nan kina kallona ina cewa in Injiniya ya ji fa."

"Ya zo ya same ni ranar da kike aikin kwana biyu a jere. Shi da ita. Ya ce ke abokiyar shawararsa ce, ita yake so. Na kore su. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce ba a gidana ba. Sai ta daina cin abinci. Ke kina fita aiki ba kya gani, ni nake zaune da ita. Kin san jikinta, kin san yadda muka sha wahala da ita tana ƙarama. Na ji tsoro."

"Ni fa?"

Ta miƙo hannu za ta taɓa fuskata, na ja baya.

"Ke mai ƙarfin zuciya ce," ta ce. "Tun kina yarinya. Ranar da Abbanku ya rasu ke kika riƙe mu. Na ce ke za ki iya ɗauka, ita ba za ta iya ba. Shi ya sa na roƙi Kawunku ya nemo miki mutumin kirki, in hankalinki ya koma can sai a gaya miki a hankali."

"Har Kawu."



To kun ji. Mama, Kawu, Auta, Injiniya. Duk sun zauna sun auna ni, sun ga ina da ƙarfi, sun ɗora. Da na san haka ake saka wa mai ƙarfi, da ranar da aka fita da Abba na yi birgima a tsakar gida na yi ta ihu har a riƙe ni.

Ina nan durƙushe na ji tsayuwar mota a waje. Na san ƙarar injin nan, shekaru ina jiran sa da fulas a hannu. Ƙofofi biyu suka buɗe, suka rufe. Aka ƙwanƙwasa ƙofar gida, a hankali, irin bugun wanda ya san an ji shi.

Mama ta share ido da bakin hijabinta ta miƙe da sauri, tana gyara matasan kujera.

"Tashi ki wanke fuskarki," ta ce, tana raɗa. "Don darajar Allah kada maƙwabta su ji kanmu. Ki buɗe musu, a zauna a yi magana cikin mutunci. Ke ce babba."

Na tashi. Ban nufi banɗaki ba. Na ratsa tsakar gida ba takalmi, simintin da ɗuminsa a tafin ƙafata. Ta ƙarƙashin ƙofar ina hango inuwar ƙafafu huɗu, sun tsaya kusa da juna. Ina jin shesshekar Auta, ina jin yana ce mata, "Bar ni da ita, na san yadda zan lallaɓa ta."

Ya san yadda zai lallaɓa ni.

Mama na kirana daga falo, murya ƙasa-ƙasa, "Yayarsu, a hankali. Yayarsu."

Duk rayuwata a hankali nake yi. Na kama sakatar da hannu biyu, na zare ta da ƙarfin da sai da layinmu gaba ɗaya ya ji.